Kulocin da ya ƙone mana a hawan Mambila

Daga Kano zuwa Jalingo babu wani abin ba da labari. Ka bi ta Gombe, ka tsallake Binuwai a gadar Numan, ka sha mai kana tsaki saboda tsada, shi ke nan. Mu huɗu ne a cikin tsohuwar Peugeot 406 ɗina mai giyar hannu, za mu ɗaurin auren ɗan wani amininmu a Gembu. But ɗin motar kuwa maƙil yake da buhun shinkafa da huhun goro da jakunkuna, har bayanta ya ɗan zauna.

Bayan mun wuce Bali ne motar ta soma nuna hali. Ina giya ta huɗu, in na taka totur zan wuce babbar mota sai injin ya ɗauki ihu, allurar ta yi sama, amma gudun yana nan yadda yake. Wanda ke zaune kusa da ni, tsohon direban ma'aikata ne, ya dube ni ya ce, "Alhaji, kulocinka yana sulɓi." Muka lallaɓa muka wuce Serti, muka isa Mayo Selbe, inda shimfiɗaɗɗiyar ƙasa take ƙarewa, dutse ya miƙe a gabanka.

Mutumin Kano bai san hawa ba. Mu da muke kiran Dala da Goron Dutse duwatsu, sai ka ga wannan hanyar za ka yi shiru. Kwana kan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun, ana nufar tudun da tsayinsa ya kai wajen mita 1,600. Ba mu yi nisa ba muka cim ma wata babbar mota ɗauke da siminti tana rarrafe, can sai ta tsaya cik a tsakiyar kwana. Dole muka tsaya a bayanta. Da ta motsa na sa giya ta ɗaya na saki kuloci, injin ya yi ta kururuwa, mota ko gezau. Sai wari ya cika mana hanci, warin da duk direban da ya taɓa shaƙarsa ba ya mantawa. Na ja birkin hannu, abokan tafiya suka dira suka sa wa tayoyi duwatsu.

Saukowa ta fi hawan tayar da hankali, domin idan kuloci ya mutu injin ba ya riƙe mota a gangara, birki kaɗai ke gare ka, shi ma in ya yi zafi sai ya ƙi ci. Wasu 'yan acaɓa suka taimaka muka juya ta da turi, na bar injin a kunne don birkin ya yi ƙarfi, muna gangarowa kaɗan muna tsayawa ya huce. A gindin dutsen muka sami mai wata tsohuwar Land Rover, irin waɗanda har yau su ne jakunan Mambila, ya yarda zai ja mu zuwa Serti.

A wani shinge kafin mu shiga gari muka haɗu da mutumin da ya ɓata mini rai a duk tafiyar. Yana ganin igiya tsakaninmu da Land Rover, yana ganin gumi a fuskokinmu, amma ko sannu. Ya karɓi takardu ya juya su gaba da baya bai sami komai ba, sai ya ce ina takardar izinin jan mota. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ina ake yankar ta?" Ya ce in na cika surutu za mu kwana a nan. Mai Land Rover ne ya fito ya yi masa magana da Fulatanci, ban san me ya gaya masa ba, na dai ga an miƙo mini takarduna ana hararata.

Bakaniken da aka kai mu wurinsa dattijo ne mai furfura a gemu, garejinsa gindin mangwaro ne, babu rami babu injin ɗaga mota. Jak biyu ne da kututturan itace da yara uku. Gaskiya da na ga wurin gabana ya faɗi. Amma tun daga yadda ya fara na gane ya san hannunsa. Ya cire kan batir, ya ɗaga gaban motar ya ɗora a kan kututture, ya tsiyaye man giya a wani tsaftataccen galan, ya zare shaf na dama da na hagu, ya kwance kik, ya tokare injin da jak da guntun katako don kada ya rataya idan an cire abin da ke riƙe da shi. Kowane noti ya fito sai ya jefa shi a gwangwaninsa daban. A Kano na saba ganin yara suna watsa notuna a ƙasa, in an gama aiki a sami ragowar biyu a ce ba su da amfani.

Da giyabos ɗin ya sauko ya kira ni na tsuguna. Filet ɗin, wato faifan kulocin, ya cinye har kan ribit, ƙusoshin da ke riƙe da fatarsa, gefensa ya yi baƙi ƙirin yana marmashewa a hannu. Dis, wato murfin da ke matse filet, yana da yatsun da boris ke dannawa in an taka kuloci, su ma sun side, boris ɗin kansa in ka juya shi sai ka ji yana ƙara kamar mai yashi a ciki. Ni a zatona nan maganar ta tsaya. Sai ya goge fuskar filawil da tsumma ya haska da fitilar wayarsa. Filawil shi ne faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke ɗaure a bayan injin. Dis ne ke matse filet a jikinsa, ta haka ƙarfin injin ke wucewa zuwa giya, in ka taka kuloci matsin ya saki. To fuskar nan da ya kamata ta zama sumul, ta yi tabo-tabo shuɗi inda zafi ya gasa ƙarfen, ga zane da ribit ya yi mata zagaye. Ya kama hannuna ya ce in ja farcena a kai. Na ji ƙananan tsaga, sirara, da ido ba ya gani sai an karkata haske.

Abokina direba ya ce, "Baba, a goge shi da samfefa a sa sabon filet mana, haka ake yi." Dattijon bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ana yi. Amma sabon filet a kan wannan fuskar ba zai zauna daidai ba, mota za ta riƙa karkarwa in za ta tashi, kuma kafin wani lokaci ya cinye shi. Ku da za ku sake hawa dutsen nan, ni ba zan ɗaura muku shi ba." Ya ce da zane ne kawai, da sai a kai wa mai tana ya share fuskar, shi ma akwai iyakar abin da ake iya cirewa. Amma ƙarfen da ya tsage ba a yi masa kwaskwarima. Ya kuma nuna mini danshin baƙin mai a bayan filawil ɗin, ya ce oyil sil na bayan injin ya fara yoyo, in mai ya taɓa filet to sulɓi ya dawo. Abu ne mai araha, amma ba a isa gare shi sai an sauke giyabos.

A nan na ba shi gaskiya, kuma har yanzu ina kan haka. Tsadar wannan aiki ba a filet take ba, a sauke giyabos da mayar da shi take. Wanda ya canza filet kaɗai ya bar tsohon dis da boris da ƙonannen filawil, kuɗin aiki zai biya sau biyu. Da yawa daga masu gyaranmu sun san haka sarai, suna dai bin son ran mai mota ne don kada ya gudu wani gareji.

Matsalar ita ce babu kayan a Serti, sai Jalingo. Na ce a buga waya a aiko, dattijo ya ce a'a, sai yaronsa ya tafi da tsohon filawil ɗin a hannu. Dalili kuwa, bayan haƙoran da kik ke kamawa ya tayar da mota, akwai wasu haƙoran da sansa ke karantawa don kwamfutar motar ta san lokacin ba da wuta da mai. In aka kawo na wani injin daban, zai iya shiga ya ɗauru, a gama haɗa komai mota ta ƙi tashi. Ya ƙara da cewa in gode wa Allah nawa guda ɗaya ne dunƙulalle. Motocin dizal da yawa da na zamani suna zuwa da filawil mai ɓari biyu da sifirin a tsakani, wanda in ya lalace sai dai sabo, kuɗinsa kuma ba a magana.

Ciniki ta waya muka yi da mai shagon Jalingo. Ya lissafo mini kaya hawa uku: sabo na asali, Beljiyam (wato na hannu daga waje), da mai sauƙin kuɗi. Na kira wani ɗan'uwa a Ƙofar Ruwa na ji farashin Kano, bambancin ya isa ya sa mutum ya riƙe baki. Na gaya wa mai shagon, ya yi dariya ya ce to in aika Kano a kawo. Ya san a matse nake. Muka daidaita a kan sabon filet da dis da boris na Valeo, filawil kuma Beljiyam. Da kayan suka iso dattijo bai kalli kwalin ba, domin kwali kowa na iya bugawa. Ya auna nauyin dis ɗin a hannu, ya duba tambarin da ke jikin ƙarfen, ya kife sabon filawil a kan tsohon yana gwada haƙori da haƙori da ramukan noti.

Masaukinmu kuwa wani mai shagon hatsi ne da ke kallon garejin. Ya gan mu zaune a benci magariba ta yi, ya zo ya ce, "Bayin Allah, ba a kwana a waje a garin nan." Ya buɗe mana zaurensa, aka kawo tuwon masara da miyar kuɓewa da kifi, da safe ga kunu da zuma. Da za mu tafi na dunƙule wani abu na ba shi, ransa ya ɓaci har sai da na ba shi haƙuri, na raba wa yaran gidan. Na tambayi kaina ko a unguwarmu akwai wanda zai buɗe wa ƙarti huɗu da bai sani ba ƙofa. A da ana yi. Yanzu tsoro ya cinye mu, ban kuma ga laifin kowa ba. Amma mai POS na garin bai raga mini ba, abin da ya cira a kan kuɗin da na karɓa ya fi ƙarfin hankali.

Haɗawar ta fi kwancewar daɗin kallo. Ya sa sabon sil, ya wanke fuskar filawil da dis da fetur don cire man da ake shafa musu saboda tsatsa, ya ɗaure notunan a gicciye, kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi. Ya zura wani tsohon sandar giyabos ta tsakiyar filet don ya tsaya a cibiya kafin ya matse dis, in ba haka ba giyabos ba zai shiga ba ko a kwana ana turawa. Giris ɗan kaɗan ya shafa a haƙoran sandar, ya goge ragowar. Abu ɗaya da bai kwanta mini ba, ba shi da sifanar nan mai auna ƙarfin ɗauri, da hannu yake kintata. Kuɗin aiki ya ce Naira 40,000, muka tsaya a 30,000, na ƙara wa yaran na sabulu. Kafin in tayar ya leƙo ta taga ya ce, "Alhaji, in ka sa giya ɗauke ƙafarka gaba ɗaya. In an tsaya a hawa ja birkin hannu, kada ka riƙe mota da kuloci. Kuma ka bi shi a hankali, sabo ne bai gama zama ba."

Muka hau dutsen da giya ta ɗaya da ta biyu, babu wari babu karkarwa. Daga Maisamari sanyi ya kama mu, kowa ya lalubo rigarsa. Shanu a kan korayen tuddai, itatuwan turare jere, hazo a Nguroje da rana tsaka. Ɗaurin aure kam an riga an yi, mun dai sami walima da tsiyar da aka yi ta yi mana. Na sayi ganyen shayin Kakara da zuma, zumar ta fi ta Kano araha nesa ba kusa ba. A dawowa muka tsaya Serti muka gaisa da dattijo, ya taka kulocin sau biyu ya ce ba laifi. Daga Numan zuwa Gombe kuma ramuka suka ci mana taya guda.