Ranakun da Ba Na Nan

Malamin ziyara ba ya cikin jerin ma'aikatan makaranta. Ba shi da tebur a ofishin malamai, ba a gayyatarsa taron iyaye, kuma idan jarrabawa ta matso aka fara rage abubuwa, darasinsa ake fara cirewa. A haka nake aiki a wata makarantar kwana ta 'yan mata da ke bayan gari a jihar Kaduna. Ina zuwa ranar Asabar da hantsi in koyar da busa turampet da turambon da yufoniyam da tuba, in kama hanya kafin la'asar sakaliya. A badujala na yi ƙuruciyata har na yi ritaya, kuma can kullum kana tare da mutanenka, atisaye da safe, fareti da yamma. A nan kuwa lokacin da ɗalibaina suke yi babu ni ya ninka wanda suke yi da ni sau da yawa. Kusan duk abin da aikin nan ya koya mini daga nan ya taso.

Sai mutum ya san yadda kayan busa na tagulla suke aiki kafin ya gane nauyin wannan magana. Ƙahon ba shi ke yin sauti ba, leɓe ne. Mai busa yana haɗe leɓɓansa ya tura iska su yi rawa, kamar yadda yaro yake kwaikwayon ƙarar babur, sai bututun ya ɗauki wannan rawar ya ƙara mata murya. Bututun turampet, in an warware shi, ya kusa mita ɗaya da rabi, na turambon ya doshi mita uku. Ba tare da an taɓa komai ba, bututu ɗaya yana ba da sautuka da dama, gwargwadon yadda aka matse leɓe da saurin iskar. Kakakin fada haka yake har gobe, shi ya sa sautukansa ba su da yawa, amma sun ishe shi kirarin sarki. Bawul ɗin da ake dannawa da yatsa ya zo ne daga baya. A 1818 Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel suka yi masa rajista a ƙasar Jamus, aikinsa kuma shi ne ƙara wa bututun tsawo don a cike gurbin sautukan da ke tsakani. A turampet yatsu uku ne kawai ke wannan aiki, yarinya mai kaifin kai za ta haddace su a mako guda. Leɓen ne ba ya haddacewa. Tsoka ce, kullum take son aiki, kuma idan aka bar ta kwanaki kaɗan sai ta saki. Minti goma sha biyar kowace rana ya fi awa uku a ranar Asabar kaɗai amfani nesa ba kusa ba.

Saboda haka babban abin da na nema a makarantar nan ba sababbin kaya ba ne. Mabuɗi ne. Kayan suna kulle a sito daga Asabar zuwa Asabar, don shugabar makaranta tana tsoron lalacewarsu, kuma tsoronta yana kan hanya, domin kuɗin turampet ɗaya mai kyau ba wasa ba ne. Na ce mata, "Ranki ya daɗe, ƙahon da ba a busawa ya fi saurin mutuwa. Bawul yana ƙagewa, ƙura tana daskarewa a ciki." Ta ce, "To Malam, wa zai ɗauki alhaki in ba ka nan?" Tambayar nan ita ce gaba ɗayan aikin. Muka tsaya a kan cewa mabuɗin zai zauna a hannun metiron, wata ɗaliba daga manyan aji ta riƙa karɓa bayan la'asar kafin a shiga firef, ta rubuta sunan duk wadda ta ɗauki kaya a littafi, ta mayar kafin magariba. Tun daga lokacin na fara jin bambanci a kunnena kowace Asabar.

Akwai kuma ƙa'idar da ba ta rubuce amma kowa ya san ta. Ni namiji ne, baƙo, a gidan 'ya'yan mutane. Bayan abin da ya faru a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Jangebe a 2021, babu makarantar kwana ta 'yan mata da ke wasa da ƙofarta, kuma bai kamata a yi wasa da ita ba. Ina sa hannu a bakin get, ana raka ni, muna darasi a fili ƙarƙashin darbejiya, wata malama tana zaune a gefe tana duba littattafanta. Ba na keɓewa da ɗaliba, ba na taɓa kowa. Amma a koyar da busa akwai abin da hannu ya fi baki saurin bayyanawa: a sauke kafaɗa, a ɗaga haɓa, a ja numfashi har ciki ya buɗe maimakon ƙirji ya tashi. A badujala sajan zai ɗora hannunsa a cikinka ya ce ture shi. Ni sai na koya wa manyan 'yan mata biyu ko uku da baki da nuni har suka gane, su kuma suka riƙa ɗora hannu a cikin ƙannensu. Abin da na fara don kiyaye mutunci sai ya zama hanyar koyarwa mafi inganci da na taɓa amfani da ita, domin wadda ta gyara wa wata numfashi ranar Asabar za ta gyara mata ranar Talata ma.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kunya. Yarinyar da aka raina da kyau a gidajenmu an koya mata ta sassauta murya, kada ta yi dariya da ƙarfi, kada ta kumbura fuska a gaban babba. Tarbiyya ce, ba na raina ta. Amma turampet ba ya karɓar rabin iska. Idan aka ba shi a tsorace, abin da ke fitowa gurnani ne mara daɗi, kuma sautin farko na kowane ɗan koyo dama abin dariya ne. Ka ga sabuwar ɗaliba ta ɗora bakin ƙahon a leɓe, ta sunkuyar da kai har bakinsa yana kallon ƙasa, ta hura kaɗan, ta janye da sauri ta rufe fuska da gefen hijabi ko tafin hannu. In na ce, "'Yata, ƙara iska," sai ta ce, "To, Malam," ta sake hurawa daidai yadda ta yi ɗazu. Na ga wannan a wurin Musulma, na gan shi a wurin Kirista, babu bambanci.

Ban taɓa cire wa yarinya wannan kunyar da kaina ba. A bayan idona take fita. Mako guda zan bar ta tana ɓoye fuska, wani makon in dawo in ji ta saki sauti cikakke wanda ya kai har katangar ɗakin cin abinci. In na tambaya, sai a ce ai ranar Laraba ce a bayan hostal, siniyarta ta ce kowa ya yi mummunan sauti da gangan, wadda ta fi muni ita ta ci. Suka yi ta dariya har hawaye, a cikin dariyar ta manta da kanta. Babu yadda za a yi wannan a gabana. Kuma a nan na ga amfanin makarantar mata zalla ga wannan fanni. A makarantun da ake haɗe maza da mata, na sha ganin samari sun rigaye sun kwashe ƙahoni da manyan ganguna, an bar wa 'yan mata jifan sanda a gaban maci. A nan babu wanda zai ɗauki tuba sai mace, saboda haka mace ta ɗauka, aka kuma ga tana iyawa.

Wata uwa ta tare ni ranar ziyara ta ce, "Malam, an ce busa tana taɓa mahaifa, kuma ai aikin maza ne, mace ina ta ga ƙirjin?" Na ce mata, "Hajiya, ba ƙarfi ake busa da shi ba, iya sarrafa numfashi ne." Na ba ta labarin Abbie Conant, Ba'amurkiyar da ta yi gwajin shiga babbar ƙungiyar kiɗa ta birnin Munich a 1980 tana bayan labule. Alƙalan gwajin suka zaɓe ta a zagayen farko ba su san mace ba ce, ta kuma samu kujerar jagorar masu turambon. Daga baya aka rage mata matsayi, aka ce ba ta da ƙarfin aikin. Ta kai ƙara, har likita ya auna huhunta aka ga ba abin da ya gaza, kotu ta mayar mata da kujerarta, kuma sai a 1993 rigimar albashinta ta ƙare. Ina ba 'yan matan wannan labari su ma, ina kuma kunna musu busar Alison Balsom ta Ingila a wayata, su ji da kunnensu. Akwai iyayen da dalilinsu na addini ne, wasu kuma suna ganin bushe-bushe sana'ar maroƙa ce, ba ta dace da gidansu ba. Da waɗannan ba na jayayya ko kaɗan. Babu yarinyar da ke shiga sai da yardar iyayenta a rubuce, kuma wadda aka hana ba na barin 'yan'uwanta su goranta mata.

Da na gane cewa manyan su ne malamai na gaskiya, sai na sake yadda nake rubuta darasi. Rubutun kiɗa na layi biyar dole ne ga wadda za ta zauna jarrabawar kiɗa ta WAEC ko ta MUSON, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya da ke Legas, kuma ina koyar da shi. Amma abin da ke yawo daga hannu zuwa hannu a ɗakin kwana shi ne do-re-mi, a bayan littafin rubutu, da lambar yatsa a ƙarƙashin kowane sauti, misali a turampet: do babu dannawa, re 1 da 3, mi 1 da 2, fa 1, so babu dannawa, la 1 da 2, ti 2. Yarinya 'yar aji ɗaya za ta iya kwafe wannan a minti biyu ta yi ta motsa yatsunta a kan biro lokacin da ba kaya a hannu. Da azumi ma shi ke riƙe mu. Bakin mai azumi a bushe yake, ba na sa su busa da rana, sai mu yi karatun sauti da tafi da motsa yatsu, busar kuma su yi ta kaɗan bayan buɗa-baki, ni ina gida.

Hunturu shi ma sai an bar masa wasiyya. Leɓe yana tsagewa, saboda haka man kaɗanya da dare, a goge shi kafin busa. Da sanyin safiya sautin ƙaho yana sauka ƙasa da inda ya kamata, sai an hura masa iska mai ɗumi tukuna. Ƙura tana shiga bawul, kuma na sha jan kunne kada a kuskura a sa man gyaɗa ko man ja in man bawul ya ƙare, gara a bari in zo. Da yake kayan ba su kai yawan masu koyo ba, ana wanke bakin busa da ruwan ɗumi da sabulu kafin ya koma hannun wata. In wani wuri ya ɓalle, akwai mai gyaran lagireto a gari da ya iya liƙi da dalma, ni nake kai masa.

Ranar da na tabbatar abin ya kafu ita ce a farkon Yunin 2024. A ranar Laraba 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta dawo da tsohon taken ƙasa, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Duk wata badujala a ƙasar nan ta wayi gari da sabon aiki. 'Yan aji shida suna tsakiyar jarrabawar WAEC, ba mai ganinsu. Na zo ranar Asabar da takarduna, na raba kowace murya daban, ina lissafin makonni nawa za mu ɗauka. Na tarar 'yan aji biyar sun roƙi metiron ta riƙa kunna musu taken a wayarta, sun bi shi da kunne, sun rubuta shi da do-re-mi a allo, masu turampet har sun fara busa shi. Akwai wurare biyu da suka kauce, na gyara. Mai tuba ta ƙirƙiro nata layin ƙasa, wato sautin mai kauri da ke ƙarƙashin sauran, ba daidai yake da na takardata ba, amma a wani wurin nata ya fi zama a kunne, sai na bar shi.

Abin da ke damuna yanzu shi ne inda suke zuwa bayan sun gama. Yarinya ta yi shekara biyar tana busa, ranar da ta fita get ta bar ƙahon a sito, don na makaranta ne. Wadda take zuwa coci mai ƙungiyar busa, ko Girls' Brigade mai kaya, tana iya ci gaba. Sauran yawanci shi ke nan. Badujalar 'yan sanda da ta soja suna ɗaukar mata, kuma ina gaya musu haka, ina rubuta takardar shaida ga duk wadda ta nema. Na kuma fara roƙon tsofaffin abokan aikina, duk wanda yake da ƙahon da ya ajiye a ƙarƙashin gado ya kawo, a gyara, a ba wadda ta fi ƙwazo ta tafi da shi gida.

A cikin makaranta kuwa na sake lokacin miƙa mabuɗi. Ba na jira sai 'yan aji shida sun kusa tafiya. Tun zango na biyu shugabar badujala take zaɓar wadda za ta gaje ta daga aji huɗu ko biyar, su riƙa karɓar mabuɗi tare, su riƙa jagorantar atisayen yamma rana ɗaya ita, rana ɗaya waccan. A bana mai turambon aka zaɓa, kuma ta riga ta kawo mini sunayen 'yan aji ɗaya da take so a fara da su in an dawo hutu.