Ranar da haƙorin Ummi ya leƙo

Talata, bayan sallar isha'i.

Cokali ne ya fara ba ni labari. Ina ba Ummi kunun gyaɗa da hantsi sai na ji ƙas, ƙarfe ya taɓa wani abu mai tauri. Na ajiye kofin, na wanke hannu, na ja leɓenta na ƙasa a hankali. Ga shi nan kuwa, ɗan fari siriri kamar gutsuren shinkafa, ya tsaga dasashi. Watanta 7 da kwana 9. Na yi hamdala a fili. Kwana biyar ke nan rabonmu da barcin kirki, miyau sai dalala yake har ya jiƙe wuyan rigarta, duk abin da hannunta ya kai sai baki, har gefen zanina.

Hajiya na zaune a tsakar gida tana tsinkar zogale. Na kai mata takwararta, ta duba, ta yi murmushi ta ce, "Ai na gaya miki haƙori ne. Zawon nan ma shi ya kawo. Ki aika kyamis a sayo mata maganin haƙori." Na ce, "To, Hajiya." Amma gabana ya faɗi. Ina makarantar sakandare a 2008 lokacin da aka yi ta sanarwa a rediyo kan maganin haƙorin nan My Pikin, wanda hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta gano akwai guba a cikinsa. Yara sama da 80 suka rasu a ƙasar nan, ƙodarsu ta daina aiki. Tun daga nan kalmar "maganin haƙori" ba ta kwanta min ba.

Na nemi izininta in fara kai yarinyar asibitin unguwa, tunda sau huɗu ta yi zawo daga jiya zuwa yau. Ba ta hana ba, ita ce ma ta miƙo min kuɗin adaidaita sahu.

Sistar da ta gan mu ba ta yi gaggawa ba. Ta ce, "Maman Ummi, haƙori yana sa ƙaiƙayin dasashi da rigima da miyau. Zawo da zazzaɓi mai zafi kuwa a nemi dalilinsu a wani wuri." Ashe lokacin ne kawai yake haɗuwa. A watannin nan yaro yake fara rarrafe, yana tsintar komai a ƙasa, ana kuma fara ba shi abinci ban da nono. Ta ba mu garin ORS, wato haɗin gishiri da sukari na masu zawo, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, da ƙwayar zink ta kwana 10, ta ce kada in rage shayarwa. Don ƙaiƙayin, in shafa mata dasashi da wankakken yatsa, ko in ba ta tsumma mai tsafta da aka tsoma a ruwan sanyi ta riƙa ciza. Zuma kuma kada a shafa mata sai ta cika shekara.

Sai ta juya ta ga ɗana Abba, wanda ya maƙale min sai da ya biyo ni. Ta ce ya yi mata dariya. Ya ɗora hannu a baki.

Wannan hannun shi ya tsaya min a rai har yanzu da nake rubutu. Shekararsa 4, haƙoransa huɗu na gaba na sama sun yi baƙi, biyu sun gutsure. Na san sanadi. Bayan na yaye shi, ba ya barci sai da fida a baki, shayi da madara da sukari. Sista ta yi min bayanin da na so a ce na ji tun lokacin: idan yaro ya yi barci miyau yana raguwa, zaƙin ya kwana a jikin haƙori, ƙwayoyin cutar baki su ci sukarin su fitar da tsamin da yake cinye haƙorin sannu a hankali. Duk wanda na yi wa ƙorafi a lokacin cewa yake, bar shi, ai zai yi famfara. To famfara sai wajen shekara 6 take farawa, turame kuwa wasu sai shekara 10 zuwa 12 suke zubewa. Waye zai ɗauke masa ciwon kafin nan? Na ga daren da ruwan randa ya sa shi kuka. Kuma haƙoran nan 20 na yarinta su ne suke riƙe wa na dindindin gurbi, idan suka zube da wuri na bayansu su fito a karkace.

A hanyar dawowa na sauka a Gwammaja na sayi ƙaramin buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fulorayid da ke kare haƙori daga ruɓewa. Na Ummi kamar ƙwayar shinkafa za a ɗiga, safe da dare, sai ta kai shekara 3. Akwai wani abin da zai yi min wuyar bari: ɗanɗana kunu da cokalinta kafin in ba ta. Ashe ta nan ma ƙwayoyin cutar bakin babba suke shiga bakin yaro. Na ware cokali na biyu, na sa shi a cikin kofin.

Ban san yadda zan mayar wa Hajiya maganar ba, don ba na so ta ji kamar na ƙi shawararta. Na dai faɗa mata yadda sista ta ce, kalma da kalma. Ta yi shiru tana jan carbi. Can ta ce, "Mu da asuwaki muka tashi, ba mu san wannan zaƙin naku ba." Gaskiya ta faɗa, ta haura saba'in amma har yau da haƙoranta take cin ƙilishi.

Da dare ita ta riƙe min Ummi a cinya, kanta a jingine da ƙirjinta. Na goga haƙorin nan ƙwaya ɗaya, yarinya ta kama buroshin da dasashi ta ƙi saki, Hajiya na ta cewa, "Sakar mata mana, takwara." Abba ya tsaya da nasa buroshin yana jiran layi. Na goge masa da kaina, ya ce kada in taɓa na gaban da ƙarfi.

Babansu ya ce ranar Alhamis zai nemi izini a wurin aiki mu kai Abba sashen haƙori a Asibitin Malam Aminu Kano. Zawon ya tsaya tun la'asar. Ragowar ruwan ORS ɗin zan zubar gobe da rana idan ya cika awa 24, in haɗa sabo.