Ƙarar Igiyar Kambas Da Ƙarfe Biyar Na Asuba

Daren da tura ta kai bango, 'yarmu tana da wata 14. Mura ta kama ta, ga turame suna fito mata. Tun ƙarfe ɗaya nake zagaye ɗaki da ita a kafaɗa, in na zauna ta tsala ihu, in na miƙe ta yi shiru. Sai wajen biyar saura barci ya ɗauke ta. Ina kwantar da ita kenan na ji ƙarar da na riga na haddace: jan zif, ɗaure igiyar kambas, sai ɗan kukan agogon hannu. Maigida ya leƙo ya ce cikin raɗa, "Sannu, ta samu barci ko? Bari in ɗan zaga in dawo." Ɗan zagawar nan kilomita 16 ce.

Abin haushin, ni na saya masa kambas ɗin farko. Ina da ciki wata 7 aka auna shi aka ce jininsa ya fara hawa, ga teɓa ta fara turo riga. Ciwon zuciya ne ya yi ajalin mahaifinsa tun shi yana ɗan shekara 9, don haka maganar ta girgiza mu duka. Likita ya ce ya riƙa tafiyar minti 30 kullum, har tare muke fita ina jan ciki. Bayan na haihu tafiya ta koma sassarfa, sassarfa ta koma gudu. Kilomita 5, kilomita 10, sai rabin fanfalaki mai kilomita 21 da ɗoriya. Kafin yarinya ta fara takawa ya yi rajistar cikakken gudun fanfalaki, kilomita 42 da mita 195, ya manna jadawalin atisaye a jikin ƙofa. Kwana 6 a mako.

Kuskurena na farko shi ne na ɓullo masa ta hanyar lafiya. "Za ka kashe gwiwoyinka." "Zuciyar nan fa ba inji ba ce." Shi kuwa yana da amsa a hannu, a zahiri ma, don agogon yake miƙo mini. Bugun zuciyarsa in yana hutawa ya sauko daga 78 zuwa 52 a minti, jini ya daidaita, teɓa ta tafi. Me zan ce? Wata rana na binciko shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020: baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Na lissafa nasa, awa 11, wato minti 660. Na kai masa wayar ina jin yau dai na kama shi. Ya karanta, ya ɗan gangara ƙasa, ya nuna mini layin da ke biye, inda hukumar ta ce wanda ya wuce haka zai iya samun ƙarin amfani. Ashe adadin na abin da ake so kowa ya kai ne, ba iyakar da ake tsayawa ba. Na karɓi wayata na tafi wanke kwalbar madara.

Daga nan na koma gugar zana da kumburi. In ya dawo ya ce sannu da gida, in amsa ciki-ciki. Har ɓoye kambas ɗin na taɓa yi, kuma a kwandon wankin yarinya na sa shi, don na san wuri ne da hannunsa ba ya zuwa. Ya ɗauko tsohon ya fita abinsa. Ba na alfahari da wannan, amma har yau in na tuna wurin da na zaɓa sai in ga ashe tun a lokacin na san ainihin abin da ke ci na, bakina ne bai iya faɗa ba.

Yayata ce ta zaro mini shi. Na kira ta ina zuba, ta bari na gama, sannan ta ce, "To ke, da a ce awoyin nan kallon ƙwallo yake yi da abokai, za ki ji haushi ko ba za ki ji ba?" Na ce, "Yaya, ai da sai ya fi haka." Ta ce, "To ki daina fakewa da gwiwarsa. Ba gwiwarsa ke miki ciwo ba."

Na samu ƙaramin littafi na yi mako 2 ina rubuta abu guda kawai: awa nawa kowannenmu ya samu ba aiki, ba yarinya, ba hidimar gida. A nan na gane awa 11 ɗin nan ƙarya ce. Akwai shiri kafin fita, akwai miƙe jijiyoyi bayan dawowa, wanka, duba manhajar gudu a ga wa ya yaba, wa ya fi sauri. Babba kuma ita ce ranar dogon gudu. Awa 3 a hanya tana cin yini guda, domin mutum zai dawo ya zube a kujera kamar wanki, yana gida amma ba za ka iya miƙa masa ko cokali ba. Da na tara, nasa ya kama awa 17 a mako. Nawa awa 2, su ma ɗaya a layin asibiti na yi ta.

Ban tare shi yana dawowa da gumi ba, ban kuma tare shi ina cikin fushi ba, don na gwada duka biyun na ga inda suke kaiwa. Na jira daren da yarinya ta yi barci da wuri. Na ce, "Maigida, ba gudunka nake ƙi ba, duba nan." Ya daɗe yana kallon shafin. Sai ya ce, "Amma ai shi ya sa nake fita da asuba, lokacin kowa yana barci." Na ce, "Wane kowa?" Ya yi shiru. Wallahi bai sani ba. Yana kwanciya tara da rabi saboda tashin asuba, tashin dare duk nawa ne saboda yana buƙatar barci don gudu, tashin yarinya na shida saura shi ma nawa ne saboda ba ya nan. A lissafinsa ba ya taɓa lokacin kowa. Alhali duk awar da ya samu, daga barcina aka yanko ta.

Da a nan matsalar ta tsaya, da rabon lokaci ya wadatar. Amma akwai ta biyu a ƙarƙashi, kuma sai da na ware ta farko na iya ganin ta sosai. Ba yawan kilomita ne ya ba ni tsoro ba, yadda yake zama ne ranar da bai fita ba. In ruwan sama ko aiki ya hana shi, sai ya kasa zama wuri guda, abu kaɗan ya yi tsawa, washegari ya ninka don ya rama. Ya rage cin abinci wai don ya yi sauƙin jiki. Mura ba ta barin sa. Barcinsa ya lalace duk da gajiya. Ga wani ciwo a ƙwaurinsa na hagu da yake danne shi da maganin kashe raɗaɗi kafin ya fita.

Na karanta cewa tun a 1970 wani mai bincike, Frederick Baekeland, ya so ya ga abin da barin motsa jiki na wata guda zai yi wa barcin mutane, sai ya tarar masu yi kusan kullum sun ƙi shiga binciken ko da an ce za a biya su. Na yi dariya ni kaɗai, don na san da an tambayi nawa, amsar kenan. Jarabar motsa jiki ba ta cikin jerin cututtukan da likitocin ƙwaƙwalwa suka amince da su a hukumance, amma masana sun daɗe suna auna ta. Akwai gajeren ma'auni mai tambaya 6 da Terry da Szabo da Griffiths suka fitar a 2004. Yana tambaya ko abin ya zama shi ne mafi muhimmanci a rayuwarka, ko da shi kake gyara yanayin zuciyarka, ko kullum sai ka ƙara yawa, ko kana shiga ƙunci in ka rasa, ko yana haɗa ka rigima da iyali, ko kuma in ka rage sai ka koma yadda kake. Muka zauna muka bi su tare. Da aka zo ta rigima da iyali ya ce shi bai ga wata rigima ba. Na ɗago kai na kalle shi, ya gyara amsar.

Ƙafar ce ta yanke hukuncin da ni na kasa. Ciwon ya kai ko tafiya yake yi yana ji, kuma wuri guda ne, in an danna da yatsa sai ya zabura. Hoton ƙashi na farko bai nuna komai ba. Likita ya ce ƙashin ne ya ɗan tsage, kuma haka irin wannan tsagewar take yi, sau da yawa ba ta fitowa a hoton a makonnin farko, sai da aka yi na MRI, hoton da ya fi nuna cikin jiki dalla-dalla, aka gan ta. Bayanin da ya yi mana ya zauna mini. Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki yana rushe tsoho yana gina sabo, kuma rushewar ke riga ginin. In ana dukan sa da gudu ba hutu, ga abinci bai isa ba, ga barci awa 5, sai rushewa ta tsere wa gini. Ya ce a da an fi sanin matsalar ƙarancin abinci ga 'yan wasa mata, waɗanda har al'adarsu ke ɗaukewa, amma a 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya faɗaɗa bayanin ya haɗa da maza. Ya ba shi mako 8 ba gudu. Maigida ya ce, "Likita, ko ɗan kaɗan?" Likita ya ce ko ɗan kaɗan.

Mako biyun farko gidan ba daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma a na uku, wani dare ina sauya wa yarinya famfas, ya ce ba tare da ya kalle ni ba, "Kin san shekara nawa suka rage in kai shekarun da Baba ya rasu?" Ashe kullum yana lissafi. Tun ranar da aka miƙa masa ita a asibiti yake ganin kansa yana barin ta kamar yadda aka bar shi. Kowace kilomita a wurinsa kwana ce yake saya mata. Sannan ya faɗi wadda ta fi sukata. Ya ce in ya ɗauke ta kuka take yi sai na karɓa, in ya sa mata riga sai na cire na sake, a gidan ji yake ba abin da ya iya, a kan hanya ne kawai lambobi ke ce masa yana ci gaba.

Gaskiya ya faɗa. Ni ce mai "kawo ta nan, ba haka ake yi ba." Na tsare ƙofa, sannan ina kukan ba ya shigowa. Daga baya na ga wani nazari na 2010 da ya tattara bincike 43, ya nuna kusan uba 1 cikin 10 yana shiga ciwon damuwa tsakanin goyon ciki da shekarar farko bayan haihuwa, abin ya fi tsanani daga wata 3 zuwa 6. Kowa yana tambayar mai jego ya jiki, ban tuna wanda ya tambaye shi ba, har ni. Ya yarda ya ga mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ya je sau da dama, abin da suka tattauna kuma nasa ne.

Da ƙafa ta warke muka yi yarjejeniya a shafin ƙarshe na littafin nan. Gudu kwana 4, dogon gudu mako ɗaya a tsallake ɗaya. Duk awar da ya ɗauka ina da kwatankwacinta, kuma ba a tambaya ta me zan yi da ita (yawanci barci nake yi, wani lokaci in zauna kawai ba mai jan zanina). In yarinya ba lafiya, ba gudu, ba sai an tattauna ba. Tashin dare ana rabawa ko da gobe ranar atisaye ce. Fanfalakin kuma an ɗage shi sai ta fara kwana ba farkawa. Na kuma yi masa wayo da hukumar da ya kayar da ni da ita: shawararta ta 2019 ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsi iri-iri a yini. Na ce tunda kai ne masanin motsa jiki a gidan nan, ga ɗaliba. Ni kuma nawa alkawarin shi ne in ya sa mata riga a baibai, in kama bakina. Wannan ya fi wuya fiye da yadda na zata.

Ba a ce komai ya daidaita ba. Sau biyu kwana 4 ɗin suna zama 5 a ɓoye, sai na ajiye littafin a kan kambas ɗinsa ba tare da na ce uffan ba. Ni ma na karya nawa fiye da sau biyu. Makon jiya ta sake yin mura, wajen biyar na ji ƙarar igiyar nan, gabana ya faɗi. Sai na ji tarinta daga ɗaya ɗakin, na ji takunsa ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ɗan jima a tsaye. Da na farka bakwai da rabi na same su a kujera, ita a ƙirjinsa da majina har wuyan rigar gudun, shi kuma ƙafa ɗaya da kambas ɗaya babu, agogon yana ta ƙirga bugun zuciyar mai barci.