Kwangilar biyan masu renon yara a Kalifoniya: yadda muke aikin

Ofishinmu ƙarami ne, aikinmu kuma guda ɗaya: gunduma ta ba mu kwangilar biyan masu renon 'ya'yan iyayen da ke cikin shirin tallafi na CalWORKs a jihar Kalifoniya ta Amurka. Tushen abin dokar 1996 ce da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu, wadda ta kafa TANF, shirin gwamnatin tarayya na tallafin wucin gadi ga iyalai mabuƙata, ta kuma ɗaura tallafin kuɗi da aiki ko neman aiki ko koyon sana'a. Kalifoniya ta fara nata shirin a Janairun 1998. Tunda an ce uwa ta fita nema, dole a samu mai riƙe mata yaro, a kuma samu mai biyan wannan mai riƙon.

An kasa renon mataki uku. Na farko yana hannun ofishin walwala na gunduma, kuma jihar tana da gundumomi 58. Wasu suna biya da kansu, wasu su ba da kwangila ga irinmu. Na biyu yana ɗaukar iyali har wata 24 bayan sun daina karɓar tallafin kuɗi, na uku ya ɗora daga nan.

Ma'aikaciyar gunduma ce ke turo mana sunan iyali da awannin da aka amince musu. Uwa ita ke zaɓar wanda take so: cibiyar reno, ko gida mai lasisi (ƙarami yara 8 ne iyakarsa, babba 14), ko 'yar'uwa ko maƙwabciya marar lasisi. A nan ake fara tuntuɓe. Kaka da goggo da inna da kawu da baffa an ɗauke musu rajistar TrustLine, wato rajistar jiha ta binciken tarihin masu reno marasa lisisi, amma maƙwabciya ko ƙawa sai an ɗauki zanen yatsunta an bincika tarihinta kafin mu saki ko sisi. In ta wuce binciken, ana iya biyanta na baya har kwana 120. Don haka ranar farko muke zaunar da ita mu cika takardun tare, mu nuna mata inda za ta je a ɗauki yatsun. Idan aka bar ta ta yi sakaci, za ta yi ta reno kwanaki suna zubewa, wanda ya haura 120 kuwa ya tafi ke nan.

Sai farashi. Jiha tana da iyakar da ba a haurawa, ta bambanta daga gunduma zuwa gunduma, da shekarun yaro, da irin wurin renon. Jariri ɗan ƙasa da shekara 2 ya fi tsada, ɗan makaranta ya fi araha. Muna gwada farashin mai reno da wannan iyaka mu biya wanda ya fi ƙanƙanta, ragowar kuma tsakaninta da uwa ne. Wannan magana muna faɗa wa su biyun a gaban juna tun kafin yaro ya kwana ɗaya a wurin, domin rigimar cikon kuɗi ta raba masu reno da iyaye fiye da kowane abu.

Gwanintar tana kan takardar zuwa da tafiya ta wata-wata. Shafi ɗaya ne ga kowane yaro, da lokacin kawowa da na ɗauka, uwa da mai reno su sa hannu a ƙasa cewa gaskiya suka rubuta. Ƙwararren mai dubawa yana kallo ɗaya ya gane wadda aka cika a zama guda: biro iri ɗaya, rubutu bai canja ba, ƙarfe 8:00 zuwa 5:00 cif kullum har da ranar hutun ƙasa. Yana lura da ɗan makaranta da aka rubuta yana gidan reno ƙarfe goma na safiyar Talata, sai ya jawo kalandar makarantar ya gani ko ranar an ba da hutu. Yana lura da yaron da ya cika shekara 2 a tsakiyar wata, da uwar da aikinta na kanti yake sauya awanni kowane mako, da renon dare da na ƙarshen mako da ke da nasu lissafin. Yawancin kurakuran nan ba zamba ba ce, gajiya ce ta matar da ta wuni da yara. Shi ya sa in sa hannu ya ɓace muke buga waya a ranar, da harshen da take ji, ba mu mayar da takarda ta gidan waya ta yi mako a hanya. Ƙa'ida ta ba mu kwana 21 daga karɓar cikakkiyar takarda. Mai gidan haya ba ya jiran kwana 21, mu ma ba ma jira ya cika.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne masu karya farashi lokacin neman kwangila. Su zo da manhaja mai ƙyalli da ma'aikata 'yan kaɗan, su ce kwamfuta za ta yi komai. Kwamfuta tana haɗa lissafi, amma ba ta kiran kakar da ba ta karanta Turanci, ba ta gane cewa an sauya wa uwa wurin aiki. Araha ba ta ado. Wata biyu biya ya makara, mai reno ta ce a zo a ɗauki yaro, uwa ta fasa zuwa aiki, ta kasa cika awanninta. In kuma sun biya fiye da kima, mai renon ce za a bi ta dawo da kuɗin da ta riga ta sayi madara da shi. Gundumar da ke auna masu neman kwangila ta tambaye su iyalai nawa kowane ma'aikaci zai riƙe, da harsuna nawa ake ji a ofishinsu, da wanda ke ɗaukar waya.

Wuri na ƙarshe da yaro ke faɗawa rami shi ne ƙaura daga mataki na farko zuwa na biyu, musamman idan ofishi daban ne ke riƙe da na biyun. Ba ma rufe fayil sai wancan ofishin ya rubuto mana ranar da zai fara biya, ranarmu ta ƙarshe kuma ta zama jajibirinta, kwafi ya tafi ga uwa da mai reno.