Abin da Dillali Yake Dubawa Kafin Ya Yi wa Tsohuwar Mota Kuɗi

Aikin kimanta tsofaffin motoci a wurin dillanci ya nuna mini cewa yawancin masu kawo mota domin a karɓa su yi ciko su ɗauki wata suna kashe kuɗinsu a inda ba zai dawo ba. Dillali haja yake saya, saboda haka lissafinsa bai wuce nawa zai sayar da motar da kuma nawa za ta ci kafin ta sayu ba, kuma duk abin da ya jefa shi cikin shakka sai ya zaftare kuɗinsa daga tayin da zai yi.

Shi ya sa nake ganin takardu sun fi sabon fenti daraja. Rasit ɗin juyen baƙin mai, da na canjin birki, da na bel ɗin injin, idan aka jera su bisa kwanan wata, suna amsa tambayoyin da mai kimantawa zai amsa wa kansa da mummunan zato. Zai kuma gwada lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17 a tsarin da aka bi tun 1981, da wadda ke jikin takardun mallaka. Sabon fenti kuwa tambaya yake jawowa, domin akwai ƙaramar na'ura da ake ɗorawa a jikin ƙarfe ta auna kaurin fentin, kuma inda aka cike lotsawa nan take take nunawa.

Wasu kan cire kan batir domin fitilar gargaɗin injin ta mutu kafin su iso. Wannan dabara ba ta daɗewa, domin da zarar an jona na'urar bincike a kafar OBD-II da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda ta zama dole a motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, kwamfutar motar za ta nuna cewa ba ta kammala gwaje-gwajenta ba, alamar an goge bayanai kwanan nan. Daga nan sai a daina yarda da sauran maganar mai motar gaba ɗaya.

Babban gyara, kamar na giya, bai cika biyan kansa ba, tunda dillali yana da bakanikensa kuma ya fi samun kayan gyara da rahusa. Ƙananan abubuwa ne suke da amfani: wanki ciki da waje, sauya ƙwan fitilar da ya ƙone, da kawo makulli na biyu tare da safaya da jak. Warin taba ma yana rage kuɗi, kuma fesa turare ba ya ɓoye shi. Taya kuwa ana duba zurfin zanenta, wanda ƙasashe da yawa suka ƙayyade kada ya gaza milimita 1.6, sannan alƙaluma huɗu na ƙarshe a lambar DOT, wato lambar da ke rubuce a gefen tayar, suna faɗin mako da shekarar da aka ƙera ta.

Wajen ciniki, gara a fara tsayar da farashin motar da za a ɗauka kafin a shiga maganar tsohuwar, domin idan aka haɗa su, abu ne mai sauƙi a ƙara a nan a rage a can. Idan akwai sauran bashi a kan motar, a san adadinsa tun daga gida, kuma kafin a miƙa makulli a goge lambobin waya da adireshin gida daga allon motar.