Kafaɗar tattabarata ta zauna, fiffike ya ɗaga

Alhamdu lillahi, 'yan uwa masu haɗa ƙwarangwal, yau na ja zaren da na sa a madadin jijiya daga ƙasan ƙirji, fiffiken ƙwarangwal ɗin tattabarar da nake haɗawa ya ɗaga sama. Murna har ta hana ni cin abincin rana.

Wanki da busarwa sun tafi lafiya, sai dai kuɗin ruwan haidurojin feroksaid da na sa don ƙasusuwan su yi fari ya ƙona mini aljihu. Ƙashin baya kuwa bai ba ni wuya ba, tun da yawancin gaɓoɓinsa na wajen ƙugu a manne suke tun asali.

Kafaɗa ce ta sha mini kai. Ƙashi uku ke haɗuwa a wurin: allon kafaɗa siriri, da korakoid, gajeren nan mai kauri da ke tokare da ƙashin ƙirji, da ƙashi mai baki biyu na gaba. A mahaɗarsu akwai 'yar kafa, kuma ita ce komai. Tsokar da ke ɗaga fiffike ba a baya take ba, tana kwance a ƙirji ƙarƙashin babbar tsokar da ke saukar da shi. Jijiyarta ce ke bi ta kafar nan ta kama ƙashin damtse ta sama, kamar igiyar guga da aka ɗora kan itacen da ke gicciye bisa rijiya: ka ja ƙasa, guga ya hau. Hakan ya tara nauyin tsuntsu a ƙasan jikinsa, ya daidaita a iska.

To gam ɗin da nake manna ƙasusuwan da shi ruwa ne, da ka ɗiga sai ya malale ya toshe kafar. Na kankare, na sake, ya kuma toshewa, har na ture tebur na fita. Abin da ya yi aiki shi ne zura siririyar waya cikin kafar kafin gam, a riƙa juya ta har ya kama, sannan a zare ta a sa zare.

Ku duba tudun da ke tsakiyar ƙashin ƙirjin, inda tsokokin nan biyu ke kamawa. Tattabara mai ƙarfin tashi nata dogo ne, jimina kuwa ba ta da shi sam.

Jemage nake so na gaba, don shi yatsunsa huɗu ne suka miƙe suka riƙe tantanin fiffike. Wanda ya taɓa haɗa yatsun nan ba su karye ba, don Allah ya faɗa mini wayar da ya sa.