Inda aiki ya kai a kan Golf 2: tamostat ya koma gurbinsa, sulo ya sauko

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu koyon gyaran mota da hannunsu. Ga inda aiki ya kai a kan Golf 2 ɗin da nake farfaɗowa. Ga waɗanda ba su san ta ba, ƙirar 1988 ce, ƙofa huɗu da ƙofar but, injin fetur 1.6 mai ƙarfin doki 75, giya biyar, kafiretarta kuma Pierburg 2E2 ce ta asali. In kuna son gane shekarar irin wannan mota babu takarda, ku dubi ƙofar gaba. Daga 1987 aka daina sa ɗan gilashin nan mai kusurwa uku, manyan bamba kuwa sai 1989 suka fara zuwa. Tawa ba ta da ɗan gilashin, bambarta kuma siririya ce. Volkswagen ya ƙera Golf 2 daga 1983 zuwa 1992, kimanin miliyan 6.3, da yawansu sun shigo mana ta Kwatano suka yi shekaru suna jigilar fasinja tsakanin garuruwa. Shi ya sa in ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, da wuya ka dawo hannu rabbana in kayanta 'yan Beljiyam kake nema.

Ciwo biyu ta zo da shi, kuma da gani sai ka ce ba ruwan ɗaya da ɗaya. Na farko, sulo, wato gudun injin in mota tana tsaye, ya ƙi sauka. Ko an yi tafiya mai nisa injin yana ta gurnani sama-sama, mai yana saurin ƙarewa, filogi huɗu duk sun yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Na biyu, da safe lokacin hunturu allurar zafi ba ta ko motsi, amma da rana in aka shiga cunkoso sai ruwa ya fara tafasa yana tsartuwa ta murfin tankin ruwa. Da na buɗe bonet na bi abin a tsanake, sai na tarar an cire tamostat, an haɗa fankar lagireto kai tsaye tana juyawa tun daga murɗa makulli, robar murfin tankin ruwa ta tsage, ruwan da ke ciki kuma ja ne wur da tsatsa.

A nan nake son mu daɗe, domin wannan aiki na cire tamostat ya zama ruwan dare a garejinmu, kuma hujjar da ake bayarwa tana da daɗin ji: wai don sanyin Turai aka yi shi, mu kuwa zafi gare mu. Na tambayi dattijon bakaniken da nake koyo a wajensa, na ce, "Baba, ku ma kuna cirewa?" Ya ce, "Ɗana, mun cire ba adadi. Direba ya zo da fasinja a mota, yau yake son tafiya, ba zai jira a wanke lagireto ba. Amma kai da kake da lokaci, mayar mata da abinta." Na fahimci uzurinsu, ban kuma raina shi ba. Sai dai tamostat mai lafiya ba ya sa mota tafasa. Aikinsa ya tsare ruwa a cikin injin har ya ɗumama, in ya kai wajen digiri 87 ya fara buɗewa ruwan ya wuce lagireto. Da zarar ya buɗe, a watan Afrilu ne ko a Disamba, hanya a buɗe take. Abin da ke sa tafasa shi ne toshewar lagireto, ko fankar da ba ta tashi, ko murfin da ba ya riƙe iska. Murfin nan da ake rainawa yana riƙe matsin bar 1.2 zuwa 1.5, kuma da wannan matsin ruwa ba ya tafasa sai ya haura digiri 120. In robarsa ta tsage, a digiri 100 zai tafasa.

A wannan injin tamostat yana ƙasan famfon ruwa ne, noti biyu ke riƙe da murfinsa. Kafin in ɗaura sabon da na sayo sai da na gwada shi, kuma ina roƙonku ku riƙa yin haka, domin jabu sun yi yawa. Na ɗaure shi da zare na rataya a cikin tukunyar ruwa kan risho yadda ba zai taɓa gindin tukunya ba, na tsoma ma'aunin zafi. Har digiri 80 bakinsa a rufe gam. Da allura ta doshi 87 sai ga wata siririyar kafa ta bayyana a gefen farantin, tana ƙara faɗi a hankali, kafin ruwan ya tafasa sosai ya buɗe har kana iya zura bakin fensir. Na sauke tukunyar, ruwa yana hucewa yana komawa, har ya rufe. Wanda ya taɓa kallon wannan da idonsa ba zai sake yarda a ce masa abin nan ne ke toshe ruwa ba.

Lagireto na ba masu wanki, da suka gama sai na tarar rabin layukansa ba sa wuce ruwa, don haka na sauya shi. Na wanke cikin injin da tiyo har ruwa ya fito garau. Na sa sabon murfi, na sa sabon makunnin fanka a jikin lagireto, wanda ke tayar da ita da kansa a wajen digiri 95, na warware haɗin kai tsayen da aka yi. Ruwan rijiya ko na burtsatse zalla ba zai sake shiga wannan injin ba. Gangar jikin injin baƙin ƙarfe ce, kansa kuma alminiyam, ruwa zalla yana cin duka biyun, ga farin dutsen da yake bari a layukan lagireto. Maganin ruwan lagireto na haɗa da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, kusan rabi da rabi. Gargaɗi ɗaya ga sababbin shiga: kada ku kuskura ku buɗe murfin nan injin yana da zafi.

To ina alaƙar wannan da sulo? Ita kafiretar 2E2 da ruwan injin take sanin ko gari ya waye. A gefenta akwai wani ɗan gwangwani mai wani irin kaki a ciki, ruwan zafi yana ratsa shi, kakin ya kumbura ya turo wani ɗan tsinke, tsinken ya sauke totur daga gudun ɗumama zuwa sulo. Cok ɗinta ma, wato abin da ke rage iska don injin ya tashi da sanyi, mai sarrafa kansa ne, da wuta da ruwan zafi yake buɗewa. Injin da aka cire wa tamostat, fanka kuma tana hura masa iska ba dare ba rana, ba ya kai zafin da zai sa tsinken ya fito sosai. Sai kafiretar ta zauna a kan cewa injin da sanyi, ta yi ta zuba mai. Shi kuma mai gyara ya kama sukundireba ya yi ta murɗe-murɗen sukurori, ya ƙara dagula lissafi. A tawa kowane sukuru da ke jikinta kansa ya cinye saboda murɗa.

Bayan tamostat ya koma, sulo ya ragu amma bai kai inda ake so ba. Ga gwajin da ya nuna mini sauran matsalar, ba ya buƙatar kayan aiki: in injin ya yi zafi sosai, ku kai hannu a hankali kan siririn tiyon da ke shiga gwangwanin kakin da kuma murfin cok. Ya kamata su yi zafin da ba za ka iya riƙewa ba. Nawa ɗumi-ɗumi kawai suke. Ruwan da ke zuwa wajen yana fitowa ne daga kan injin ta wata 'yar zoben roba da ke tsakaninsa da manifol, wato bututun da ke kai mai da iska daga kafireta zuwa cikin injin, kuma da tsufa takan kumbura ta toshe hanya. Da na cire manifol na gan ta, ramin tsakiyarta ya tsuke, tsatsa ta cike sauran. Zoben ba ta da tsada ko kaɗan, cire manifol ɗin ne aiki, domin notocin suna bayan injin, sai da laluben hannu. Tunda na riga na buɗe, na sauya robar da kafiretar ke zaune a kai. Ku girgiza kafiretarku da hannu injin yana aiki, in sautinsa ya canza, robar ta tsage tana shaƙar iskar ɓarauniya. Siraran tiyoyin iska ma duk na sauya, ɗaya bayan ɗaya, sai na ɗaura sabo kafin in cire na gaba don kada su rikice mini.

Yanzu da safe bugu ɗaya take tashi, ta yi gudun ɗumama na 'yan mintoci, sai ka ji ta sauko da kanta ƙasa da juyi 1,000 a minti. Allura tana tsayawa a tsakiya, fanka ta tashi ta tsaya da kanta. Filogi sun koma launin ƙasa-ƙasa.

Mutane da dama sun ba ni shawarar in jefar da 2E2 in ɗora kafiretar Weber 32/34 DMTL mai cok na hannu, kamar yadda masu sha'awar wannan mota ke yi a Ingila. Ban ce shawara ce marar kyau ba, Weber tana da sauƙin gyara, kuma wanda tasa kafiretar ta ci ta ƙare ya yi hakan. Amma ni a ganina yawancin 2E2 da ake zagi lafiyarsu ƙalau, ruwan zafi ne ba ya kai musu. Zan ci gaba da tawa.

Sauran ayyukan da aka kammala ba su da dogon labari. Na sauya bel ɗin tayimin da abin ɗaure shi. Ku lura alama uku ce a wannan injin: ta sama, ta ƙasa, da ta shaf ɗin tsakiya mai juya distiributa da famfon baƙin mai, wadda aka fi mantawa. Ɗaurin ya yi daidai in ka kama bel ɗin a doguwar tazararsa da yatsu biyu ka iya murɗa shi kwata ɗaya, digiri 90, da ƙyar. Tsarin wayoyin filogi 1-3-4-2 ne. Ƙarar gargaɗin baƙin mai ma an yanke mata waya, na mayar. Makunni biyu ke gare ta, na bar 0.3 a ƙarshen kan injin da na bar 1.8 a wajen filta, kuma na biyun sai injin ya wuce juyi 2,000 yake magana. In ta yi kuka, a gwada matsin mai da ma'auni kafin a zargi waya. Akwatin giya kuma na juye masa mai, lita 2 na man giya nau'in GL-4. A wannan akwati giya ta biyar ce ke fara ƙonewa in mai ya yi ƙasa, don haka kada ku jira sai ta fara fita da kanta a kan hanya.

Sauyi ɗaya kawai na yi wa motar wanda ba haka ta fito daga Jamus ba, shi ne na fitilun gaba. A Golf 2 wutar fitila tana zagayawa ne ta makunnan cikin mota kafin ta iso ƙwai, kuma bayan shekara talatin da ɗoriya wayoyin sun gaji. Na auna a batir na auna a bakin ƙwai, bambancin ya kusa bolt 2. Sai na sa rile biyu, wato makunnan da ƙaramar wuta ke tayarwa su saki babbar wuta, kusa da batir, ɗaya na fitilar ƙasa ɗaya na ta sama, da waya mai kauri da fis, tsofaffin wayoyin yanzu aikinsu kawai su tayar da rile. Ƙwan dai shi ne H4 mai wat 60/55, amma hasken ya zama fari tas. Kada ku sa ƙwai mai wat 100 a kan tsofaffin wayoyi, makunni zai narke. Batun sauke motar ƙasa kamar yadda ake gani a hotunan Turai kuwa, na ajiye shi. Da tudun rage gudu da ramukan unguwarmu, kaskon baƙin mai ne zai biya. In hali ya yi zan sa mata wili mai inci 14 da taya 185/60 irin na Golf GTI, ramukan notinsu iri ɗaya ne, huɗu a kan da'ira mai faɗin milimita 100.

Abin da ke gabana kafin damina shi ne robar gilashin gaba. Ta bushe a kusurwar direba, akwatin fis kuma a ƙarƙashin wajen yake, na riga na ga koren tsatsa a ƙafafun fis biyu. Zan cire gilashin in duba bakin ƙarfen, in ya ci a yi masa walda da fenti kafin a sa sabuwar roba, in kuma share magudanan ruwa da ke ƙasan gilashin, waɗanda ƙurar hunturu da ganyen darbejiya suka cike. Daga nan sai robobin gatarin baya, domin bayan motar yana ɗan lilo a kwana. Wanda ya taɓa matsa sababbin robobin nan ba tare da ya sauke gatarin gaba ɗaya ba, don Allah ya bayyana mana irin abin matsin da ya haɗa da kaurin sandar da ya yi amfani da ita.